Fatawa: Hukuncin mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai, da hukuncin wanda ya kashe shi ba da izinin hukuma ba

Tambaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne mai karatun halayyar ɗan Adam a jami'a. A zangon da ya wuce mun yi darasi a kan mutanen da suke kashe rai bayan rai a ɓoye, wani lokaci tsawon shekaru ba a gano su ba, kuma an koya mana cewa da yawansu ba sa jin tausayi ko nadama irin na sauran mutane. Shin irin wannan mutum mahaukaci ne a shari'a, har a ce an ɗauke masa alƙalami? Na biyu kuma, muhawara ta yi zafi tsakanina da abokaina a kan mutumin da ya tabbata a ransa cewa wane makashi ne, ga shi hukuma ta kasa kama shi ko ta sake shi, sai ya bi shi ya kashe shi domin ya hutar da jama'a. Wasunmu suna ganin wannan gwarzo ne, har suna cewa lada zai samu. Mene ne hukuncinsa? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi wa karatunka albarka. Hukuncin shi ne: wanda ya san cewa kisa yake yi, ya kuma san haramun ne, mai hankali ne a shari'a komai ƙeƙashewar zuciyarsa, kuma idan laifin ya tabbata a kansa hukuncinsa kisa ne. Amma zartar da wannan kisa haƙƙin hukuma ne bayan tabbaci a gaban alƙali, don haka wanda ya bi shi ya kashe shi da ra'ayin kansa ya aikata haramun, kuma a mazhabar Imamu Malik jininsa yana iya shiga hannun wasu saboda abin da ya yi. Ga dalilan.

Haukan da yake ɗauke alƙalami shi ne wanda ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da wasunsu suka ruwaito, cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har hankalinsa ya dawo. Abin da ya haɗa waɗannan ukun shi ne rashin sanin abin da suke aikatawa, ko rashin gane cewa abin da suke aikatawa yana da hukunci. Ba a ambaci mai taurin zuciya a cikinsu ba, ba a kuma ambaci wanda sha'awarsa ta rinjaye shi ba, domin sharaɗin ɗora wa mutum shari'a shi ne hankali da balaga, ba taushin zuciya ba. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Marwan ɗan Hakam ya rubuta wa Mu'awiya game da wani mahaukaci da ya kashe mutum, sai Mu'awiya ya amsa masa da cewa ya tsare shi, kada ya yi masa ƙisasi, domin babu ƙisasi a kan mahaukaci. Da aka tambaye shi game da wanda ya yi kisa cikin maye kuwa, sai ya ce a kashe shi. Malamai suka ce gangancin mahaukaci kamar kuskure ne, diyya tana kan danginsa na wajen uba, shi kuma a killace shi domin kada ya sake cutar da kowa.

To, yanzu sai mu ɗauki wannan ma'auni mu auna mutanen da kuka karanta. Masana a fanninku sun rarrabe tsakanin ciwon da yake raba mutum da gaskiyar abin da ke kewaye da shi, har ya riƙa jin muryoyin da babu su, da kuma lalacewar hali wadda suke kira saikofati. Robert Hare, masanin nan na ƙasar Kanada, ya tsara ma'auni mai abubuwa 20 da ake ba kowanne maki daga sifiri zuwa biyu, jimilla 40, kuma a Amurka wanda ya kai 30 shi ake sakawa a wannan rukuni. Idan ka duba abin da ake aunawa za ka tarar da daɗin baki, da yawan ƙarya, da iya yaudara, da ganin girman kai, da rashin nadama, da ɗora wa wasu laifin da mutum ya aikata. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba gushewar hankali ba ne. Hasali ma yaudara ba ta yiwuwa sai da hankali, domin mayaudari yana buƙatar sanin abin da ke zuciyar wanda zai yaudara, ya kuma san abin da zai ɓoye masa.

Dubi Harold Shipman, likitan garin Hyde a Ingila, wanda kotu ta same shi da laifin kashe mutum 15 a watan Janairun 2000, binciken gwamnati kuma daga baya ya danganta masa mutuwar sama da mutum 200, mafi yawansu tsofaffin mata. Yana yi musu allurar da ta wuce kima, sannan ya rubuta takardar shaidar mutuwa da hannunsa, ya kuma gyara bayanan rashin lafiyarsu domin mutuwar ta yi kama da ta ajali. Dubi kuma Dennis Rader na birnin Wichita a Amurka, wanda ya kashe mutum goma tsakanin 1974 da 1991, yana da mata da 'ya'ya, har aka zaɓe shi shugaban majalisar cocinsu, ba a kama shi ba sai a 2005. Wanda yake zaɓen wanda ba shi da gata, ya jira lokacin da babu ido, ya share sawunsa, ya kuma iya kame hannunsa shekaru idan ya ji tsoron kamu, ya bayar da shaida a kan kansa cewa ya san abin da yake yi mugu ne, kuma yana da ikon bari. Mahaukaci na gaskiya ba ya ɓoye gawa domin gudun alƙali, saboda bai san da alƙalin ba.

Ba na musun abin da malamanku suka faɗa cewa da yawa daga cikin waɗannan mutane sun taso cikin duka da wulaƙanci da rashin kulawar iyaye, ko kuma an haife su da ƙarancin tsoro da tausayi. Addini bai ce zukata ɗaya suke ba, kuma Alƙur'ani ya yi maganar zukatan da suka yi tsatsa saboda abin da masu su suke aikatawa, da waɗanda suka zama kamar duwatsu ko mafi tsanani. Sai dai sanin dalilin abu daban, uzuri kuma daban. Mafi yawan waɗanda aka zalunta suna yara ba su taɓa kashe kowa ba, kuma mafi yawan masu busasshiyar zuciya ba su zama makasa ba. Gwargwadon jarrabawar da kowa ya sha a cikin halittarsa da tarbiyyarsa, Allah ne ya sani kuma shi zai yi hisabi a kanta, alƙali kuwa da zahiri yake hukunci. Idan aka yi iƙirarin hauka, sai alƙali ya nemi amintattun likitocin ƙwaƙwalwa su duba halin mutumin a lokacin da ya yi kisan, domin wanda haukansa yake zuwa yana tafiya ana kama shi da abin da ya aikata a lokacin da yake cikin hayyacinsa. Wannan ma kaɗai ya isa ya nuna maka cewa al'amarin yana buƙatar zaman shari'a, domin taron mutane a bakin kasuwa ba ya tsayawa ya tambayi likita.

Kada kuma ka ɗauka fiƙihu bai san irin waɗannan mutane ba sai da Turawa suka ba su suna. Kalmar kisan gilla da muke faɗa kullum daga Larabci muka aro ta, kuma asalinta kisan da ake yi ta hanyar yaudara a ɓoye. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa kisan gilla babu afuwa a cikinsa, ma'ana ko magada sun yafe, shugaba zai kashe makashin, domin haƙƙin ya tashi daga na gida ɗaya ya zama na al'umma. Shehu Khalil ya saka wanda yake shayar da mutane abin da zai gusar da hankalinsu domin ya karɓi dukiyarsu, da wanda yake yaudarar yaro ko babba ya keɓe da shi, a cikin masu fashi waɗanda aya ta 33 a suratul Ma'ida ta yi magana a kansu. Hanafawa sun ce mai shaƙe mutane a cikin gari, idan ya maimaita, a kashe shi domin ya zama mai yawo da ɓarna a bayan ƙasa. Ibn Taimiyya kuma ya kawo misalin mai masauki da yake kashe baƙinsa idan ya keɓe da su, da wanda yake kiran tela ko mai magani zuwa gidansa ya kashe shi, ya kuma rinjayar da cewa hukuncinsu na ɗan fashi ne, har ya ce cutarsu tana iya fin ta ɗan fashi domin ba a sanin da su. Idan mutum ɗaya ya kashe mutane da yawa, Malik da Abu Hanifa suna ganin a kashe shi saboda dukkansu, Shafi'i kuma yana ganin a kashe shi saboda na farko, sauran magada su karɓi diyya daga dukiyarsa. Saboda haka shari'a ba ta yi wa wannan mutum sassauci ba ko kaɗan, abin da ya rage shi ne hannun wa zai zartar.

A nan ne tambayarka ta biyu ta shigo, kuma ita ce ta fi damuna, domin ta farko darasi ce a aji, wannan kuwa jini ne da ake zubarwa a garuruwanmu. Ƙurɗubi ya faɗa a tafsirin ayar ƙisasi ta suratul Baƙara cewa babu saɓani a kan cewa ƙisasin kisa babu mai tsayar da shi sai majiɓinta al'amari. Allah kuma ya ce a aya ta 33 ta suratul Isra'i wanda aka kashe bisa zalunci, haƙiƙa mun sanya wa waliyyinsa iko, to kada ya wuce iyaka wajen kisa. Ikon na waliyyin jini ne, wato magajin wanda aka kashe, ba na kowane mai jin haushi ba, kuma malaman tafsiri sun fassara wuce iyaka da kashe wanda ba shi ya yi kisan ba, ko kashe biyu a madadin ɗaya, ko wulaƙanta gawa. A mazhabarmu makashi jininsa a kare yake daga kowa ban da mai haƙƙi. Idan magajin ya kashe shi ba da izinin shugaba ba, ba a yi masa ƙisasi amma ana ladabtar da shi saboda shisshigin da ya yi wa hukuma. Idan kuwa wani bare ne ya kashe shi da gangan, to Khalil ya bayyana cewa magadan wanda aka fara kashewa sun cancanci jinin wannan baren, in sun so a kashe shi, in sun so su yafe, domin ya ƙwace musu haƙƙin da Allah ya ba su na zaɓi tsakanin ƙisasi da afuwa. Ko a inda kisan ya zama haddi ne da babu afuwa a cikinsa, zartar da shi na shugaba ne. Ka gaya wa abokanka wannan: wanda suke kira gwarzo, littafin Khalil da alƙalan ƙasar nan suka yi ɗaruruwan shekaru suna hukunci da shi yana iya miƙa wuyansa ga takobi, wannan kuwa a inda ya dace da makashin na gaskiya ke nan, balle ya yi kuskure.

Abokanka za su ce ai ya tabbata a ransa. Sa'ad ɗan Ubada, shugaban Khazraj, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa idan ya sami wani tare da matarsa, shin zai ƙyale shi har sai ya kawo shaidu huɗu? Annabi ya ce masa e, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wannan mutum ne da zai gani da idonsa a cikin ɗakinsa, kuma sahabi ne da ba a tuhumarsa da ƙarya, amma ba a ba shi izini ba, domin da an buɗe wannan ƙofa, duk wanda ya kashe abokin gabarsa sai ya ce ai na same shi a kan laifi, mamaci kuwa ba ya tashi ya kare kansa. Usama ɗan Zaid ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen yaƙi, yana mai tabbacin cewa tsoron makami ne ya sa ya faɗa, sai Annabi ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ne, ya yi ta maimaitawa har Usama ya yi burin da a ranar ya musulunta. Akwai kuma ƙissar yarinyar nan ta Madina da wani Bayahude ya farfasa wa kai tsakanin duwatsu biyu saboda kayan adonta. An same ta da sauran numfashi, aka riƙa ambata mata sunaye har ta yi nuni da kanta a kan sunansa, amma duk da haka sai da aka kamo shi aka tambaye shi ya amsa laifinsa kafin Annabi ya ba da umarnin kashe shi. Da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahl a Khaibar, danginsa ba su ga makashin ba kuma ba su yarda da rantsuwar mutanen garin ba, sai Annabi ya biya diyyarsa raƙuma ɗari daga wajensa, bai ce a je a ɗauki fansa a kan wanda ake zato ba.

Tarihin sahabbai ya ajiye mana misalin abin da kake tambaya a kai kusan ƙafa da ƙafa. Da Abu Lu'ulu'a ya soki Umar, Allah ya yarda da shi, sai Ubaidullahi ɗan Umar ya ɗauki takobi bisa labarin da ya ji cewa an ga wasu suna ganawa da makashin, ya kashe waɗanda ake zargin, wato Hurmuzan da Jufaina, da kuma wata 'yar Abu Lu'ulu'a. Ɗan halifa ne, mahaifinsa aka kashe, kuma zarginsa ba marar tushe ba ne, amma sahabbai ba su kira shi gwarzo ba. Tsare shi aka yi, shari'arsa ta zama farkon abin da Usman ya fuskanta, Aliyu yana ganin a yi masa ƙisasi, daga ƙarshe Usman ya biya diyya. Ka lura da yadda takobin ya tashi daga wanda ake zargi ya faɗa kan yarinyar da ba ta san hawa ba balle sauka, domin haka fushi yake idan babu alƙali tsakaninsa da wuyan mutane. Shi kuwa Aliyu da Ibn Muljam ya sare shi a Kufa, wasiyyar da ya bari ita ce a tsare mutumin a ciyar da shi, in ya rayu shi ne mai haƙƙin jininsa, in ya mutu a kashe shi shi kaɗai, kada a wulaƙanta gawarsa.

Akwai wani abu a cikin karatunku da ya kamata ya tsoratar da mai wannan tunani. A cikin masu kisan ɗauki-ɗai-ɗai akwai waɗanda suke ganin aikin tsarkake gari suke yi. Peter Sutcliffe, wanda aka samu da laifin kashe mata 13 a arewacin Ingila a shari'ar 1981, ya yi da'awar cewa Allah ne ya umarce shi ya kashe karuwai. Pedro Rodrigues Filho na ƙasar Birazil ya yi suna da cewa masu laifi yake kashewa, da yawansu a cikin gidan yari, kotu ta ɗora masa kisan mutum 71, mahaifinsa na cikin waɗanda ya kashe, shi ma kuma harbe shi aka yi a kan titi a watan Maris na 2023. Wanda yake bin makasa a ɓoye yana kashewa, shi ne mai tuhuma, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne hauni, babu mai tambayarsa, kuma kowane kisa yana sauƙaƙa masa na gaba. Ni ban ga abin da ya raba shi da makashin da yake farauta ba sai labarin da yake ba kansa, Alƙur'ani kuwa ya riga ya ba mu labarin waɗanda idan an ce musu kada ku yi ɓarna a bayan ƙasa sai su ce mu masu gyara ne.

Ko kotu mai lauyoyi da shaidu tana kuskure a irin wannan shari'a. A 1950 aka rataye Timothy Evans a Landan bisa laifin kashe 'yarsa, kuma babban shaidar da aka dogara da shi maƙwabcinsa ne John Christie. Bayan shekara uku aka tono gawarwakin mata a ɓangaren Christie na gidan, aka gane cewa makashin ne ya tsaya a kotu yana ba da shaida, ba a wanke Evans da afuwar sarauniya ba sai a 1966, lokacin da babu abin da afuwar za ta mayar masa. Idan mayaudari ya iya juya kotu haka, yaya taron da aka tara da ihu ɗaya? Mu ma mun ɗanɗana. A watan Oktoban 2012 aka yi wa ɗalibai huɗu na jami'ar Fatakwal duka aka ƙone su a Aluu bisa zargin sata. A watan Maris na 2025 'yan sintiri suka tare motar mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa gida hutun Sallah, aka ga bindigogin farauta aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16 aka ƙone. Duk wanda ya yi kuka da abin da ya faru a Uromi, to ya sani hujjar waɗanda suka yi shi ita ce hujjar abokanka: mun gaji, hukuma ta kasa, kuma mun tabbata. Adalci kuma ya wajabta in faɗa cewa mu ma a Arewa ana yin irinsa, kuma kashe mutane a kasuwannin karkarar Zamfara da maƙwabtanta bisa zargi ko bisa ƙabila yana cikin abin da ya hura wutar ramuwar gayya da har yau ba ta mutu ba. Ƙonawa da wuta haramun ce ko ga wanda laifinsa ya tabbata, domin Bukhari ya ruwaito cewa babu mai azaba da wuta sai Allah. Taro kuma ba ya raba alhakin jini ya zama ƙanana, domin Umar ya kashe mutum biyar ko bakwai saboda mutum ɗaya da suka yi wa kisan gilla, ya ce da mutanen San'a duka sun haɗu a kansa da ya kashe su gaba ɗaya.

Ba zan ɓoye maka ba cewa wasu malaman mazhabarmu na baya sun ambaci cewa magajin da ya san shugaba ba zai karɓar masa haƙƙinsa ba, idan ya kashe makashin ɗan'uwansa ba a ladabtar da shi. Amma wannan magana a kan magajin jini take shi kaɗai, a kan kisan da babu shakka a cikinsa, kuma sun sharɗanta amincewa daga fitina. Ba ta shafi baren da kake tambaya a kansa ba ko ta wace fuska, kuma ba na ba da fatawa da ita ko ga magaji a wannan zamani, domin sharaɗin ba ya cika: kisa ɗaya a yau yana jawo ƙone ƙauye, shi kuma mai ɗaukar fansar ya ƙare a gidan yari ko a igiya ya bar marayu a kan marayu. Haka nan maganar malamai cewa jama'ar Musulmi tana tsayawa a matsayin alƙali inda babu shi, manufarta adalai masu ilimi waɗanda za su zauna su saurari hujja, ba matasa da gora da galan na fetur ba. Gazawar hukuma zunubi ne babba a wuyan masu mulki da alƙalai da jami'an da suke sakin mai laifi saboda kuɗi ko alfarma, kuma suna da kaso a cikin kowane jinin da yanke ƙaunar mutane ya jawo, amma zunubinsu ba ya mayar da haramun halal ga waninsu.

Abin da shari'a ta halatta, har ta wajabta a wani lokaci, shi ne kare kai da kare wanda ake kai wa hari a lokacin da harin yake gudana. Muslim ya ruwaito cewa wani ya tambayi Annabi game da wanda ya zo ƙwace dukiyarsa, ya ce kada ka ba shi, in ya yaƙe ka ka yaƙe shi, in ya kashe ka kai shahidi ne, in ka kashe shi yana wuta. Saboda haka wanda ya tarar da makashi a kan wani bawan Allah, ya hana shi da mafi sauƙin abin da zai hana shi, in kuma bai hanu ba sai da kisa to babu komai a kansa. Da zarar an rinjaye shi an ɗaure, ko ya juya da gudu ya bar cutarwa, hukuncin kariya ya ƙare, abin da ya rage shi ne kama shi da miƙa shi. 'Yan sintirin da hukuma ta sani ta kuma ba su izini, aikinsu na tsaro da kamu aikin lada ne matuƙar sun tsaya a nan, amma izinin tsaro ba izinin yanke hukunci ba ne. Wanda kuma yake da masaniya a kan wani makashi, wajibi ne ya kai bayani ga jami'an tsaro da mai unguwa ko hakimi, ya gargaɗi wanda yake cikin haɗari, ya adana hujja, ya tsaya ya ba da shaida ko da yana jin tsoro, domin Allah ya ce wanda ya ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce. In an saki mutumin, a ɗaukaka ƙara, a nemi lauyoyi, a tara murya a kan jami'in da ya yi sakaci. Ka tuna cewa Shipman ba takobin wani ne ya tsayar da shi ba, 'yar wata tsohuwa da ya kashe ce ta ga wasiyyar jabu da aka rubuta da sunan mahaifiyarta a 1998 ta kai wa 'yan sanda, aka tono gawa aka gwada. Da kashe shi aka yi a ɓoye, da iyalai sama da 200 ba su taɓa sanin abin da ya sami iyayensu ba.

Wanda ya riga ya sa hannu a irin wannan kisa, shi kaɗai ko a cikin taro, ko da jifa ɗaya ko ihun da ya tara mutane, tuba ta wajaba a kansa, kuma ƙofarta a buɗe take. Hadisin mutumin da ya kashe rai 99 a cikin al'ummar da ta gabata, ya cike na ɗari da mai ibadar da ya yanke masa ƙauna, sannan malami ya ce masa babu mai shiga tsakaninsa da tuba, ya kuma umarce shi ya bar garinsu domin mugun wuri ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Sai dai tuba tana kankare haƙƙin Allah ne, haƙƙin magada kuwa ba ya faɗuwa sai da ƙisasi ko diyya ko yafewarsu, don haka sai ya nemi malami amintacce da dattawan da za su shiga tsakani, a bi ta hannun hukuma a isar wa masu jini haƙƙinsu ba tare da an tayar da sabuwar fitina ba.

Wallahu a'alam.